Ribar Mai Gidan Bulo

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mai gidan bulo. Da farko mutumin kirki ne. Idan zai yanke farashi, sai ya haɗa kuɗin siminti da yashi da man inji da ladan leburori, ya raba a kan bulon da ya fita, sannan ya ɗora ribarsa daidai gwargwado. Wannan halal ne, babu mai ja.

Sai zuciya ta raya masa cewa ribar ta yi kaɗan. Bai ƙara farashi ba, kada masu saye su gudu. Siminti ya rage, ya cika yashi. Buhu ɗaya ya koma fitar da ninkin abin da ya saba. Amma ka je saye, ya dafa ƙirji: "Wallahi faɗuwa nake yi, tsadar siminti ta kashe mu."

Ƙaninsa mai kula da inji ya ce, "Yaya, bulon nan da yatsa ake marmasa shi. Mutane za su kwana a cikinsa fa."

Ya daka masa tsawa: "Kai ka zuba jari ko ni? Fice mini daga fili!"

Ina tambayar ku, wannan ciniki ne ko fashi? Ɗan fashi ma ba ya haɗa ka da sunan Allah kafin ya cuce ka.

Ana nan, mijin 'yarsa ya tashi ƙara ɗaki. Ya ba magini kuɗi ya sayo bulo. Magini ya zo gidan bulon, bai faɗi ginin wa ne ba, mutumin nan ya rantse masa, ya loda masa mota.

Damina ta sauka. Bango ya sha ruwa, da rana tsaka ya rufta a kan 'yarsa da jikansa. Mai gidan bulo ya zo a guje yana tono da hannu, bulo yana narkewa a tafinsa. Nan take ya gane aikinsa. An ciro 'yar da karayar ƙugu. Jikan kuwa sai gawa.

Magana ta bazu, ciniki ya mutu, inji ya yi tsatsa. In ya shiga duba 'yarsa, sai ta juya fuska ga bango.

Kai mai sana'a, ka faɗi gaskiyar abin da ka kashe, ka ɗora ribarka a fili. Abin da ka sace daga cikin kaya, ba ka san kan wa zai faɗo ba.

Allah ya raba mu da riba mai cin rai, ya kiyaye mu da zuriyarmu. Amin.