Azara ta Goma Sha Biyu

Akwai wani manomi da ya gaji ɗakin ajiyar hatsi daga ubansa. Tsohon ɗaki ne a bayan gida, kusa da turken awaki. Uban ne ya gina shi tun yana da ƙarfi. Ya sare giginya, ya tsaga azara, ya shanya ta rani biyu kafin ya yi rufi. Azara goma sha biyu ce ta ɗauki soron. Sha ɗaya na namijin giginya ne, baƙi mai tauri, wanda gara ba ta ci. Ta ƙarshen kuwa ta macen giginya ce, gama damina ta matso, ya sa abin da ya samu a tsakiyar rufin.

Da tsohon ya kwanta ciwon ajali, ya kira ɗansa ya ce, "Azarar tsakiya ba irin sauran ba ce. Kowace kaka nakan ƙwanƙwasa ta da sanda. Bana ta amsa mini kamar ƙwarya. Ka canza ta."

Ɗan ya ce, "To, Baba."

Amma canza azara aiki ne. Sai an kwashe dammuna, an fasa rufi. Yaɓe ya fi sauƙi. Kowane rani sai ya yaɓe bango, ya shafa makuba, masu wucewa suna cewa ɗakin kamar jiya aka gina shi. Sandar kuwa ya daina ɗauka, domin ya san abin da zai ji.

Wata rana matarsa ta fito da damin dawa ta ce, "Maigida, gari na zuba a kan hatsi, kuma ba garin dawa ba ne."

Ya ce, "Bari a ci a rage tukuna."

Da aka rage, sai shuka. Da aka yi shuka, sai noma.

A shekara ta biyar aka yi marka kwana shida. Da rana tsaka, yana gyaran fartanya a zaure, sai ya ji ƙara. Soron ya rufta. Abincin da zai kai su kaka ya cuɗe da laka, ya tsira, ya ruɓe. Gero ko ciki bai yi ba a gona.

Ya tona ɓaraguzan. Azara sha ɗaya na nan lafiya lau. Ya ɗaga ta sha biyun, ta marmashe a hannunsa. Matarsa ta ɗauki ƙwarya ta nufi maƙwabta neman hatsi.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakin nan ranka ne. Yaɓen shi ne rigar Lahadi, da waƙa, da sunan kirki a gari. Azarar ita ce zunubin nan guda da ka sani, aka kuma faɗa maka, kana ta cewa sai an jima. Kada ka ƙirga mini halayenka sha ɗaya masu kyau. Ba su riƙe rufin ba. Kuma ran da ya faɗi, ba kai kaɗai za ka kwana da yunwa ba.

Allah yana gafarta wa mai tuba. Amma da rani ake fasa rufi. In ka koma gida yau, ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa.