Wa Ya Yanka Awakin Nowel?

Akwai wata baiwar Allah a garin Gure, sunanta Rifkatu. Duk wanda ke bi ta ƙofar lakwal ɗin unguwarsu, wato makarantar boko, da safe ya san ta, ita ce mai ƙosan nan da ke zama gindin bishiyar bedi.

Ba 'yar garin ba ce. Daga ƙasar Maraɗi mijinta ya zo da ita, yana aikin tuƙin mota. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'yan uwanta suka ce ta tattaro ta koma gida. Ta ce ina za ta je ta bar kabarinsa da maƙwabtanta. Yau shekara ashirin da biyu ke nan tana nan.

Rifkatu Kirista ce. Majami'arsu 'yar ƙarama ce, ɗaki guda da ɗan fili da katanga. Ran Lahadi ko an cika ba su kai mutum arba'in ba, kuma yawancinsu ma'aikata ne da aka turo, su yi shekara biyu ko uku a ɗauke su. Ko fasto ba su da na zaune, daga Damagaram yake zuwa ranar biki. Ita kaɗai ce ba ta motsawa, shi ya sa makulli yake hannunta. Ita ke shara, ita ke cika randa, ita ke gaya wa baƙi inda ake samun gidan haya.

Suna da wata al'ada mai kyau. Duk Nowel, wato Kirsimeti, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, wannan shinkafa, wannan mai, wannan albasa, a haɗu a nemo dabba. A yanka ran jajibere, a soya, washegari a dafa a rarraba. Maƙwabta su samu, sannan a kai gidan likita, wajen mutanen ƙauyukan Kelle da Bune da suka kawo marasa lafiya suna jinya a tsakar gida ba su da kowa a gari.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. Ba sa yanka da hannunsu. Masu cin abincin nan kusan duka Musulmi ne, don haka Malam Barmo mahauci ake kira, ya zo da wuƙaƙensa ya yi bisimilla ya yanka a fili kowa na gani. Tun mijin Rifkatu na da rai haka ake yi.

To, bara an turo musu wani malamin lakwal daga wajen Gaya, Mushe Istifanus, don Mushe ake ce wa malamin lakwal a can. Mutumin kirki, ga son aiki, ba ya iya zama hannunsa a sake. Can garinsu dattawan majami'a ke yanka da kansu, don su ne masu cin abinsu. Ba wanda ya tuna ya gaya masa yadda ake yi a Gure, kowa ya ɗauka ya sani.

Ana gobe jajibere ya karɓi makulli wurin Rifkatu, ya ce zai yi wa ɗakin ado da ganyen dabino. Awaki uku suna ɗaure a fili.

Gari na wayewa ya zo. Ya dubi awakin, ya ce a ransa bari ya rage wa iyayen nan mata wahala. Kafin rana ta ɗaga ya yanka su duka uku, ya feɗe, ya rataye a reshe, ya wanke jinin tas.

Da matan suka shigo da tukwane da itace, suka same shi tsaye yana murmushi, hannun riga a naɗe.

"Mama, sannu da zuwa. Na gama muku mai wuyar, saura naku."

Rifkatu ta sauke tukunyar da ke kanta a hankali. Ta dubi naman, ta dubi Mushe. Wata daga cikin matan ce ta ja shi gefe ta yi masa bayani. Bawan Allah ya nemi turmi ya zauna, ya dafe kai.

Shugabar zumuntar mata a lokacin Madam Selestin ce, mace mai kazar-kazar, ba ta son ta ga aiki ya tsaya. Ita ta fi kowa wahala a kan awakin nan, don sau biyu tana zuwa kasuwa kafin a dace. Ta ce a tura ƙofa. Ta tara matan, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce wata dabbar dai ba su da halin nemowa, kowa ya riga ya kawo ƙarfinsa. Ta ce masu jinya an yi musu alkawari tun wancan sati, akwai waɗanda rabonsu da nama tun Babbar Salla. Ta tambayi Mushe ko ya ambaci sunan Allah kafin ya sa wuƙa, ya ce ya yi addu'a. Ta ce to shi ke nan, ina laifi? In Barmo ya zo, sai a ce masa sun ga ya makara, sun kira wani mahauci Musulmi da ke wucewa. Ya yanyanka musu, a ba shi kai da ƙafa yadda aka saba, mutane su gan shi ya fito da wuƙa. Magana ta mutu a nan.

Wasu suka gyaɗa kai. Gaskiya ba don mugunta ta faɗa ba, tausayin masu jinya ne.

Rifkatu ba mai yawan magana ba ce, ko a taro a baya take zama. Amma ranar ta yi magana.

"Madam, ni ba naman nake ƙi ba. Ni zan ɗauki kwano in shiga gidan Hamsatu. Za ta karɓa ta zuba wa mijinta da 'ya'yanta, ba za ta tambaye ni wa ya yanka ba. Shekara ashirin ba ta tambaya. Kin san me ya sa? Don ni ce na kawo."

Hamsatu maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya. Ita ce ta zauna da ita kwana arba'in lokacin rasuwar mijinta.

Madam ta ce, "Mama, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Suna cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Malam Barmo ne, da buhun wuƙaƙensa a hammata. Aka buɗe masa. Ya shigo, ya tsaya gaban naman da ke rataye, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo.

"Ikon Allah. Wa ya riga ni bana?"

Madam ta buɗe baki, amma Rifkatu ta riga ta.

"Malam Barmo, Mushe ne ya yanka. Baƙo ne, bai san yadda muke yi ba. Laifina ne, ni na ba shi makulli ban gaya masa ba."

Barmo ya ɗauki fata ɗaya ya ɗaga ta a rana, ya juya ta gaba da baya.

"Mushe, fiɗa kam ka iya. Ko huda ɗaya babu. In alli ya gundure ka, ka zo mahauta, akwai aiki."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Rifkatu ta tambaye shi ko mutane za su ci. Ya ce shi ba malami ba ne, mahauci ne. Ya ji wasu malamai na cewa ana ci, wasu kuma zuciyarsu ba ta kwanta ba, amma mutanen unguwar nan ai ta fi shi saninsu. Ya maida buhunsa hammata, ya yi musu sai an jima, ya fita. Ko ruwa bai sha ba.

Ran Madam ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ga shi nan, an zubar da wahalar wata guda, an kunyata majami'a a idon gari. Ta koma can gefe ta zauna.

Rifkatu ta ɗaura ɗankwalinta da kyau. Ta ce naman nan a raba wa 'yan majami'a, kowa ya kai gidansa. Tukwanen da za a dafa na maƙwabta kada nama ya taɓa su, ko ludayi kada a haɗa. Gobe za a yi shinkafa da wake da mai da yaji, abin da ke akwai ke nan. Ita kuma za ta je ta faɗa da bakinta, kada mutane su sa rai.

Haka ta bi gida-gida cikin rana. Ku da kuka san kunyar mace mai shekaru, kun san abin da nake nufi. A kowace ƙofa ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce bana an yi kuskure, abincin Nowel ba nama. Wasu suka ce ba komai. Wata tsohuwa ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsince geronta. A gidan likita ne abin ya fi yi mata ciwo, don wani dattijo mai jinyar matarsa ya ce tun jiya yake gaya wa mai jikin ta daure, romo na zuwa.

Hamsatu ta bari daga ƙarshe. Ta same ta tana wanke-wanke, ta gaya mata komai. Hamsatu ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "To, Allah ya kai mu goben." Rifkatu ta koma, tana ganin ko ita ma ta ji haushi.

Bayan la'asar matan na tsince wake, sai suka ji kukan rago a ƙofa. Barmo ne a kan amalanken jaki, da rago ɗaya ƙato da bunsuru biyu. Ya ce ragon daga Bulama Fannami mai unguwa ne, bunsuru ɗaya mahauta suka haɗa, ɗayan kuma matan unguwa ne. Ya ce kada a tsaya godiya, rana na tafiya.

Ya waiwaya ya hango Istifanus a raɓe jikin bango.

"Mushe, taho. Riƙe ƙafa. Daga yau aikinka ke nan, wuƙa tawa ce."

A nan ne kowa ya yi dariya, har Madam.

Ranar Nowel bayan an tashi daga sujada, kwanuka suka fita fiye da na kowace shekara. Dattijon nan na gidan likita ya samu romonsa. Rifkatu ta ɗauki na Hamsatu, Madam Selestin ta biyo ta da wani kwanon a kai.

Suka gaisa, aka shimfiɗa tabarma. Rifkatu ta fara godiya a kan bunsurun, Hamsatu ta katse ta.

"Yaya Rifkatu, zauna in gaya miki. Kina tsammani sai da kika zo jiya muka ji? Tun kafin ku hura wuta mun sani."

Ashe Yabawa, wadda gidanta ke manne da majami'a, ta taka turmi da sassafe za ta sauko da kazarta daga kan katanga, sai ta ga Mushe da wuƙa a wuyan akuya. Kafin hantsi labari ya kai bakin famfo, ya kai mahauta. Barmo kansa da saninsa ya ɗauki wuƙaƙe ya zo. So yake ya ji abin da za a ce masa.

"Duk unguwa jira muke," in ji Hamsatu. "Wasu suka ce za ku ɓoye. Na ce in dai Rifkatu na wurin, ba za a ɓoye ba. Amma wallahi gabana na faɗuwa nake faɗa."

Rifkatu ta tambaye ta a hankali, da an ɓoye fa?

"Da mun karɓa, mu yi godiya, mu juye a bayan gida. Ba wanda zai ce miki uffan. Amma daga ranar, ko ƙosanki ba mai ƙara saye a unguwar nan."

Rifkatu ba ta dubi Madam ba, kuma har yau ba ta taɓa gaya wa kowa wanda ya kawo waccan shawara ba. Madam ɗin ce da bakinta take ba da labarin.

Hamsatu ta buɗe kwano, ta ɗauki tsoka ta ɗanɗana, ta ce bana sun yi rowar yaji. Sai ta lura baƙuwar ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin zane. Ta tura mata kwanon gabanta.

"Madam, sa hannu mana. A gidan nan ba a kallon mai ci."

Madam ta sa hannu, suka ci su uku a kwano ɗaya.

Darasi: 'Yan uwa, kyauta ba ta tsaya ga abin da ke cikin kwano ba, har da amanar wanda ya ɗauko shi. In za ka taimaki mutum, ka girmama abin da ya riƙe a zuciyarsa, ko ba irin naka ba ne. Kada ka yi ƙarya don ka gyara alheri, gara ka kai kaɗan da gaskiya, ka sha kunyar yini ɗaya. Allah ya ba mu maƙwabta irin waɗannan, ya sa mu ma mu zama irinsu. In labarin nan ya taɓa zuciyarki ko zuciyarka, a tura wa maƙwabci da 'yan uwa su ma su karanta.