Ginshiƙin da Aka Shafa wa Filasta

Akwai wani mutum a wani gari na gindin duwatsu, sunansa Habila, injiniyan gine-gine ne. Aikinsa shi ne ya duba gini, ya faɗa ko zai ɗauki nauyin da aka ɗora masa ko ba zai ɗauka ba. A birni ya yi karatu, amma ya komo gida ya zauna cikin danginsa.

Ana nan wata rana da damina, sai ƙasa ta girgiza. Gidajen laka suka zube, rumbuna suka kife, amma ba a rasa rai ba, gama yawancin mutane suna gona. Waɗanda gidajensu suka rushe kuwa suka kwashi tabarmi da tukwane, suka koma babban zauren taro na gari, domin shi yana nan tsaye.

Zauren nan shi ne abin fahariyar garin. Rufinsa na kankare ne, yana zaune a kan manyan ginshiƙai. Wanda ya ja gaba aka gina shi kuwa shi ne Baba Zakka, shugaban dattawa, ƙanen mahaifin Habila.

Habila ya shiga zauren yana bin ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Da ya kai na baya, sai ya tsaya cik. Tsaga ta ratsa su a karkace daga sama har ƙasa. Ya sa yatsa a ciki, kankaren ya marmashe masa a hannu, gama yashi ya fi siminti yawa. Rodin da ke ciki kuwa sirara ne, sun riga sun lanƙwashe. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya sunkuya ya dubi yaran da ke wasa a ƙarƙashinsa.

Ya je wurin Baba Zakka ya rusuna, ya ce, "Baba, a fitar da mutane yau. Ginshiƙan baya sun mutu a tsaye."

Baba Zakka ya ce, "Ɗana, ginin da ya tsaya ranar da gari ya zube? Ina kake so su je cikin ruwan nan?"

Habila ya ce, "Filin makaranta. Mu kafa rumfuna mu yafa tamfol. Ruwa zai jiƙa su, sauro ya cije su, amma za su wayi gari da rai."

Dattijon ya ɗaure fuska ya ce, "Baƙi na tafe daga birni da kayan agaji. So kake su tarar da mutanenmu a fili kamar awaki, zauren da na gina kuma a kulle? Jeka. Mun ji, za mu gyara."

Kashegari Habila ya koma, sai ya tarar da gyaran. An kwaɓa siminti an cike tsagar, an shafe ta sumul, har an bi ta da shuɗin fenti. Mata suka tarye shi da murna suna cewa, "Ka gani, an gyara!" Wata ma ta ɗaura igiyar shanya a jikin ɗaya daga cikin ginshiƙan.

Sai fushi ya taso wa Habila. Ya fita ya ɗauko guduma, ya dawo ya ce wa mutane su ja da baya. Bugu ɗaya ya yi, ɗanyar filastar ta zubo ƙasa, tsagar ta fito fili, ta ma fi jiya faɗi. Ya cusa hannunsa a ciki har wuyan hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Ku duba! Wannan ne gyaranku? Girgizar ƙasa ta nuna muku inda mutuwa take, ku kuma kun rufe ta da fenti. Wanda ya shafa wannan ya fi girgizar mugunta!"

Zauren ya yamutse. Dattawa suka ce ya ci mutuncin ubansa a gaban jama'a, suka sa aka ingiza ƙeyarsa waje. Kafin rana ta faɗi an sake shafe wurin.

Duk da haka waɗansu sun gani da idonsu, suka naɗe tabarminsu suka bi shi filin makaranta. Ya yi ta sare sanduna yana kafa rumfuna tare da su, ransa a ɓace. Ya kai kuka wurin hukuma, aka ce masa za a aiko mai dubawa bayan baƙi sun tafi.

A cikin waɗanda suka rage kuwa akwai wata gwauruwa, Damaris, da tsohuwarta Iya Saratu, wadda ƙafafunta suka daɗe da mutuwa, ga kuma tari. An shimfiɗa mata tabarma a can baya, inda iska ba ta kaiwa. Habila ya tare Damaris a hanyar rijiya, ya ce, "Yaya, ki yi wa Allah ki bar ni in goyo Iya zuwa rumfa. Da bayana zan ɗauke ta."

Sanyin waje zai iya kashe tsohuwar, wannan Damaris ta sani. Sai ta tafi wurin Baba Zakka ta durƙusa, ta ce, "Baba, kai ne ubanmu. Gaskiya an gyara?"

Ya ce, "An gyara, 'yata. Kwantar da hankalinki."

Sai ta bar uwarta a wurin.

Baƙi suka zo, suka raba hatsi da barguna, suka yaba kyawun zauren, suka tafi. Ba a daɗe ba, wata safiya da hantsi, ƙasa ta sake motsawa. Ɗan motsi ne ƙwarai, ko ruwan randa bai zube ba. Amma daga filin makaranta Habila ya ji ƙara kamar aradu. Ya sheƙa a guje, ya tarar rabin rufin baya ya zauna a ƙasa.

Suka yi ta tono da hannu har farcensu ya fashe. Aka fitar da waɗansu da karaya, waɗansu da rauni a ka. Iya Saratu kuwa, Habila ne da kansa ya ɗaga kankaren da ke kanta. Ta riga ta cika. Damaris ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ta tarar an lulluɓe ta.

A bakin kabari aka ba Baba Zakka magana, gama shi ne babba. Ya gyara murya ya ce, "'Yan'uwa, mu yi haƙuri. Haka Ubangiji ya nufa. Wa ya isa ya hana ƙasa girgiza?"

Habila bai san lokacin da ya ratso cikin jama'a ba. Ya ce, "A'a, Baba! Kada ka ɗora wa Ubangiji wannan. Shi ne ya kwaɓa simintin? Shi ne ya riƙe burushin fenti? Ubangiji ya girgiza ƙasa sau ɗaya bai ɗauki kowa ba, ya buɗe mana tsaga domin mu gani mu gudu. Mu muka rufe ta. Mu!"

Aka fara jan rigarsa ana cewa ya yi shiru, wurin makoki ne. Sai Damaris ta miƙe daga cikin mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi dattijon ta ce, "Baba, na durƙusa na tambaye ka. Da ma ka ce mini ba ka sani ba, da na goya ta da kaina."

Aka mayar da ƙasa, kowa ya watse, ba wanda ya tsaya ya raka Baba Zakka gida.

To, ma'anar wannan misali ke nan. Zauren nan rayuwarmu ce, da gidajenmu, da ikkilisiyarmu, duk inda waɗansu suka shimfiɗa tabarma suka kwanta domin sun amince da mu. Girgizar farko ita ce wahalar da Allah yakan bari ta same mu, ta tone abin da ke cikin ginshiƙi. Wannan jinƙai ne, ko da yake da zafi yake zuwa. Filasta kuwa ita ce ƙaryar da muke shafawa domin kada baƙi su gani.

Kuma mun iya shafa ta, 'yan'uwa, mun iya ƙwarai! Mutum yana dukan matarsa har maƙwabta suna toshe kunne, ran Lahadi ya sa farar riga ya zauna a gaba, mu ce masa sannu da zuwa. Shugaba ya yi abin kunya, mu taru a ɓoye mu ce a rufa asiri saboda sunan ikkilisiya. Wanda ya yi ƙarfin hali ya faɗi gaskiya, shi ne marar kunya, shi za a kora. Ranar da abin ya rufto kuwa, ba a kan mai shafa filasta yake faɗowa ba. A kan marar ƙarfi yake faɗowa, wanda ba shi da ƙafar gudu. Sa'an nan mu tsaya mu ce nufin Allah ne. Wannan saɓo ne a kan saɓo, Allah kuwa ba zai karɓi laifin da ba nasa ba.

Kada kuma wani ya ce misali ne kawai na ruhaniya. In ajin da 'ya'yanmu suke zama ya tsage, ko bangon asibiti, ko wannan ɗakin sujada da muke ciki, a kira masanin gini ya duba, a kuma yi abin da ya faɗa, ko da za mu yi sujada a gindin itace. Girman dattijo ba ya riƙe rufi.

Kowannenmu ya san tsagar da ya rufe. Akwai kuma wanda yake kwance a ƙarƙashinta yanzu haka, hankalinsa kwance, domin kai ka ce masa an gyara. Kafin ka ci abincin rana yau, je ka gaya masa gaskiya.