Hoton da Aka Kafa a Marylebone

Ya 'yan uwa, a shekarun da kuɗin fetur ya ɓarke, an yi wani mutum da gwamnati ta tura Landan karatun injiniya. Kada wani ya ce talauci ne ya ja shi. Alawus ɗinsa na zuwa, yana da gidan haya a unguwar Whitechapel, ga matarsa Zinatu, ga 'yarsu Luba. Son yabo ne ya ci shi.

Allah ya ba shi tsayi da faɗin ƙirji. Wata rana a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani Bature mai ɗaukar hoto ya ƙura masa ido, ya ce bai taɓa ganin jiki irin nasa ba. Yana so ya ɗauke shi tsirara, wai fasaha ce, wai fuska ba za ta fito ba. Kuna tsammanin ya zare masa ido? Murmushi ya yi!

Ya shiga shiri kamar ango. Ya rage cin abinci don ciki ya lafe. Ya aske gashin ƙirjinsa. Ranar da aka sa ta faɗo Juma'a, ya mulke jikinsa da mai, ya ƙi ɗaura bel don kada ya bar masa shata a fata. Zinatu ta tare ƙofa.

"Baban Luba, ba masallaci za ka ba?"

"Na yi booking wurin mai hoto."

"Wane irin hoto ne ake aske ƙirji dominsa?"

Ya daka mata tsawa: "Matsa! Nan Landan ce, ba ƙauyenku ba."

Liman na kan mumbari, shi yana tsaye a gaban fitilu. Da ya kai hannu ga wandonsa, sai ya dakata. Zuciyarsa ta ce masa bari. Ya danne ta, ya tuɓe.

Bayan wasu watanni surukinsa Alhaji Maharazu ya zo ganin likita a unguwar Marylebone. Mijin 'yar tasa ne ya raka shi. Suna fitowa, yana riƙe da hannun dattijon, sai ga wani shago mai bangon gilashi, Turawa sun yi cirko-cirko. A ciki ga hotonsa, ya kai tsayin ƙofa, fuska tar, ba ko ƙyalle.

Alhaji ya duba hoton, ya duba shi, ya zare hannunsa.

"Kai ne ke jan 'yata salla?"

Da Alhaji ya tashi komawa gida, ya tafi da Zinatu da Luba. Labari ya kai hukumar da ta turo shi karatu, aka yanke alawus. Ya je ya roƙi Baturen ya sauke hoton, Baturen ya ce ai an riga an sayar. Karatu ya watse. Gida ya gagare shi, don ya san abin da mahaifiyarsa ta ji. Ya ƙare yana wankin kwanuka, in ya jiyo Hausa a titi sai ya tsallaka.

Ya 'yan uwa, jikin nan naku ne da za ku baje shi? Amana ce! Al'aurar da ko mai wankan gawa yake rufewa, kai ka buɗe ta don wani ya ce kana da kyau?

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ya kiyaye mu da zuri'armu. Amin.