Gidajen da Ba a Jin Daka

Akwai wani attajiri a unguwar Zango ta Damagaram, ana ce masa Alhaji Mai Nasara, mai fataucin fata da gyaɗa. A daminar 1984 ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Da Alhaji ya ga yadda mutanen karkara ke kwararowa birni, sai ya kafa gidauniyar taimako, ya cika mangaza biyu, wato ɗakunan ajiya, da hatsi, ya ɗora ɗan ƙanwarsa Tahiru a kanta.

Tahiru ba maci amana ba ne, wannan dole a faɗa. Ko tiya ɗaya ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba. Ya yi karatu a Yamai, ya dawo da tabarau da son tsari. Aibinsa guda ne: duk abin da ba a rubuce yake ba, a wurinsa bai faru ba.

Sai ya kafa doka. Maigida kaɗai ake ba buhu, kuma sai ya nuna takardar harajin gidansa, wadda mutane ke kira karne. Ya ce ta haka ba wanda zai karɓa sau biyu. Alhaji ya ji, ya ce madalla.

A wani ƙauye bayan Guna akwai wata tsohuwar ungozoma mai suna Kellu. Rabin garin ita ta yanke musu cibiya, don haka ba gidan da take tsayawa a zaure. Ranar da kamiyon gidauniya, wato babbar motar kaya, ya zo rabon farko, tana zaune gindin gawo tana kallo.

Cikin layi akwai wata mata, Sakina, da goyo a baya da yara biyu riƙe da zanenta. Mijinta Suma'ila ya bi ta daji ya tafi Kano cin rani tun kaka, saboda iyaka a rufe take, kuma karne yana aljihunsa, don ita ake nuna wa jandarma a hanya. Sakina ta yi wa Tahiru wannan bayani, ta ce su huɗu ne a gida. Ya saurare ta cikin ladabi, ya ce ta yi haƙuri sai maigida ya dawo.

Kellu ta taso ta ce masa irin Sakina sun fi talatin a garin nan.

"Iya," in ji Tahiru, "in na karya doka don mutum ɗaya, gobe kowa zai zo mini da nasa labarin."

Aka gama rabo, aka yi addu'a, kamiyo ya juya. A haka aka yi rabo uku cikin wata biyu, kuma kowane rabo Tahiru yakan kai wa kawunsa rahoto cewa duk magidantan da ke garin sun samu. Ba ƙarya ya yi ba, kuma abin haushin ke nan.

Kellu ta shiga motar kasuwa ta je biron Tahiru, wato ofishinsa, a Damagaram. Aka ce yana taro. Ta sake komawa wata Talata, ta yini a kan benci a bakin ƙofa har la'asar, aka ce ya fita ta ƙofar baya zuwa mangaza. Ba wai gudunta yake yi ba, shi dai a ganinsa ya riga ya ba ta amsa.

Zuwa na uku ba ta bi ta biro ba. Ta nemi gidan Alhaji, ta tare shi yana fitowa daga sallar azahar. Ba ta roƙe shi komai ba. Ta ce ya zo ƙauyensu da hantsi, ba kamiyo, ba sanarwa, kada ma a gaya wa mai gari.

Alhaji mutum ne mai son ganin abu da idonsa. Washegari ya sa Tahiru a mota suka tafi.

Kellu ta tarye su a bakin gari, ta ce su bi ta, kada su yi magana, su dai saurara. A gidajen da ke kusa da masallaci ana jin daka ta ko'ina, taɓarya na amsa wa taɓarya, hayaƙi na tashi. Suka miƙa gabas. Daka ya fara raguwa, gida ɗaya nan, ɗaya can. Da suka wuce rijiya sai garin ya yi tsit. Akwai mutane a ciki, ana ganin yara kwance a inuwar danga, amma turame duk a kife suke.

Tahiru ya ce shi dai takarda ta nuna kowane maigida ya karɓa.

"Haka ne, Mushe," in ji Kellu, don haka ake kiran ɗan boko a can. "Wanda ke da sauran abu a rumbu shi ya zauna, shi kuke ba buhu. Wanda nasa ya ƙare tun kaka shi ya tafi, ya tafi da karne. Nan ne yunwar take, kuma nan ne hatsinku bai taɓa shigowa ba."

Alhaji bai yi faɗa ba, bai kuma kori Tahiru ba. Ya ce daga ranar an daina tambayar karne. A kowane ƙauye a nemi mata irin Kellu, masu shiga har ƙuryar ɗaki, su faɗi bakin da ke ci a kowace tukunya, kuma a damƙa hatsin a hannun mai dafawa. Sannan ya juya ga ɗan ƙanwarsa.

"Kai ka iya rubutu, ci gaba da yi. Amma su za su faɗa, kai ka rubuta."

Kashegari kamiyo ya dawo. Tahiru ya ji kunya ƙwarai, kuma yana son ya gyara, don haka ya ɗauki buhun farko a kafaɗarsa ya nufi gidan Sakina. Ya same ta tana sauya ruwan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin a iya ci. Ya sauke buhun, ya buɗe littafinsa, ya ce bai manta ba, su huɗu ne.

Sakina ta goge hannunta a zane.

"Mu uku ne yanzu, Mushe. Wasila, wadda ka gani a bayana, ta rasu ran Talata. Ka rage nata ka ba maƙwabciyata, yaranta sun fi nawa yawa."

Talatar nan ce Kellu ta yini a kan benci a bakin bironsa. Tahiru ya gane haka ba tare da kowa ya gaya masa ba. Ya tsaya da alƙalami a hannu, ya kasa soke huɗun.

Gidauniyar ta ci gaba da aiki har ruwa ya dawo, kuma ta ceci gidaje da yawa a ƙasar Mirriya. Tahiru ya shekara ashirin yana shugabantarta. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce duk garin da ya je, yakan bar mota a bakin gari, ya taka da ƙafa har gidajen ƙarshe kafin ya buɗe littafi. Kuma bai yarda a sake ajiye benci a ƙofar bironsa ba, duk wanda ya zo a shigo da shi.

Darasi: Kyakkyawar niyya da riƙon amana ba su isa ba idan taimako bai kai ga mai buƙata ba. Duk mai jagorantar gidauniya ko ƙungiyar agaji ya riƙa tambayar kansa wa dokarsa ta bari a waje, ya saurari mutanen da ke shiga gidajen, kuma ya saurare su tun zuwan farko. Ku tura wa duk wanda kuka san an damƙa masa amanar rabo.