Ƙwallon da Ta Sha Mai

Akwai wani mutum a wani babban birni, sunansa Habila, wanda ya ƙware a wasan da ake kira bolin. Ga yadda ake yin wasan. Akan jera sanduna goma masu siffar kwalba a ƙarshen wata doguwar hanya ta katako, mai wasa kuwa ya tsaya a ɗaya ƙarshen, ya mirgina ƙwallo mai nauyi domin ya zubar da su. Masu gidan wasa sukan shafa wa farkon hanyar mai, su bar ƙarshenta a bushe.

Habila yana cikin wata ƙungiyar 'yan wasa. Shugabansu wani dattijo ne, Baba Yunana, shi ne ya koya masa wasan tun yana saurayi. Da dattijon ya ga hannun Habila ya faɗa, sai ya kai shi wurin wani maƙeri wanda aikinsa ƙera irin waɗannan ƙwallaye ne.

Maƙerin ya kama hannun Habila, ya auna yatsunsa, ya huda wa wata sabuwar ƙwallo ramuka uku daidai da su. Sa'an nan ya ce masa, "Ɗana, wannan ba irin ƙwallon da ke tafiya sambal ba ce. Na sa mata nauyi a ciki, a ɗan karkace, ba mai ganinsa. Fatarta kuma tana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. A kan mai za ta sulale. In ta kai busasshen wuri sai ta kama katako, nauyin cikinta ya juyo da ita, ta shiga sandunan ta gefe, inda suka fi saurin zubewa. Amma ka ji wannan: tana shan mai. Kowace jifa ka yi, ka goge ta. In an ɗan daɗe kuma, ka dawo mini da ita."

Habila ya ce, "Na ji, Baba." Ya ɗauki ƙwallonsa ya tafi yana murna.

Ƙwallon kuwa ta yi yadda aka faɗa. In ya sake ta, sai ta nufi bakin hanya kamar za ta faɗa kwata, masu kallo su riƙe numfashi, can sai ta juyo ta watsa sandunan duka. Sunan Habila ya fita a birnin. Mutane suka riƙa barin nasu wasan su zo su tsaya a bayansa.

Da fari yakan goge ta bayan kowace jifa. Ana nan sai ya fara mantawa, gama ana yi masa tafi, yana juyawa yana amsa gaisuwa. Daga baya ya bar tsumman gogewar a gida. A maimakonsa ya sayi wani abin shafawa mai sa ƙyalli, yana murza mata kafin a fara wasa, har ta fi ta kowa kyan gani.

Bayan wani lokaci sai ƙwallon ta fara jinkirin juyowa. Wata rana sanda ɗaya ta rage a tsaye, wata rana biyu. Habila ya ce masu gidan wasa ne suka cika wa hanyar mai. Da ya je wani gidan abin bai sake ba, sai ya ce kafaɗarsa ce ta gaji. Ya ƙara ƙarfin jifa, ya sauya wurin tsayawa, yana ɗan samun abin da yake so, hankalinsa ya kwanta.

Baba Yunana yana lura. Ran nan ya kira shi gefe ya ce, "Habila, yaushe rabonka da wurin maƙerin nan?"

Habila ya ɗaga ƙwallon ya ce, "Baba, dube ta fa. Har fuskarka kana gani a jikinta. Me zai gyara a nan?"

Dattijon ya ce, "To, ni dai na faɗa."

Sai lokacin babbar gasa ya zo. A shekarar nan hannun Baba Yunana ya soma rawa, ya kuma gaya wa 'yan ƙungiyarsa cewa daga wannan ba zai ƙara wasa ba. Duk tsawon shekarunsa bai taɓa ɗaga kofin gasar ba, ko da yake ya sha kaiwa kusa. 'Yan ƙungiyar suka yi alkawari a tsakaninsu, bana sai sun sa masa shi a hannu.

Suka yi ta cin abokan karawarsu har suka kai wasan ƙarshe. A ranar, dattijon ya yi wasa yana cije leɓe saboda ciwo, bai kuwa ba da kunya ba. Sauran ma kowa ya yi nasa. Abin ya zo ya tsaya a kan jifar Habila ta ƙarshe: in ya zubar da sandunan duka sun ci, in ba haka ba kofi ya tafi.

Habila ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya taka yadda aka koya masa, ya saki ƙwallon, hannunsa bai kuskure ko kaɗan ba. Ƙwallon ta sulale a kan mai tana ƙyalli. Ta kai busasshen wuri, inda ya kamata ta juyo, sai ta zarce. Ta taɓa sanduna kaɗan a gefe, sauran suna tsaye.

Sai ɗaya ƙungiyar ta ɓarke da sowa. Baba Yunana ya zauna, ya kwance takalman wasansa a hankali. Da ya gama ya zo ya dafa kafaɗar Habila ya ce, "Jifarka daidai take, ɗana. Na gani da idona." Da ma zaginsa ya yi, da ya fi wa Habila sauƙi.

Kashegari Habila ya tafi wurin maƙerin, ransa a ɓace. Ya ajiye ƙwallon a gabansa ya ce, "Baba, nauyin da ka sa mata a ciki ya goce. Ta bashe ni a ranar da na fi bukatarta."

Maƙerin ya ɗebo ruwa mai ɗumi a babban bokiti, ya toshe ramukan yatsu, ya sa ƙwallon a ciki. Da aka jima ya fito da ita, sai ga mai yana tsattsafowa daga jikinta kamar gumi. Ya goge, ya mayar da ita. Ya sake fito da ita, ga wani man. Haka ya yi ta yi har tsumman hannunsa ya jiƙe, ya ɗauko wani.

Habila ya ce, "Duk wannan a cikinta yake?"

Maƙerin ya ce, "Kaɗan kaɗan ta sha shi. Nauyin yana nan inda na sa shi, bai motsa ba. Amma ƙofofin sun toshe, ba ta iya kama katako. Nauyin yana ja, ba wurin da za ta dafa ta juyo."

Sa'an nan ya ɗauko samfefa, wato takarda mai kaushi, ya fara kankare fatar ƙwallon. Habila ya miƙa hannu ya ce, "Baba, za ka ɓata ƙyallinta!"

Maƙerin ya dube shi ya ce, "Ƙyalli kake so, ko juyowa?"

Habila ya janye hannunsa. Da aka gama, ƙwallon ta dushe, ba abin sha'awa a jikinta. Ya kai ta gidan wasa ya jefa, ta kuwa juyo kamar ranar farko, ta watsa sandunan duka. Habila ya zauna a kan benci ya yi kuka, gama Baba Yunana ba zai ƙara wasa ba.

To, 'yan'uwa, ma'anar misalin nan ke nan. Maƙerin shi ne Ubangiji, ƙwallon kuma zuciyar mai bi ce. Nauyin nan da ba a gani, shi ne bangaskiyar da ya dasa a cikinmu, wadda take juyo da mu zuwa ga nufinsa sa'ad da kowa ke tsammani mun kusa faɗawa kwata. Hanya mai mai kuwa duniya ce. Ba wanda aka ce kada ya bi ta kanta. Dole ka je kasuwa, ka je wurin aiki, ka zauna da mutane, ka riƙe waya a hannunka. Amma zuciya tana sha. 'Yar ƙaryar da ka yi wa mai saye, gulmar da ka tsaya ka saurara bayan an tashi sujada, fushin da ka kwana da shi, abin da ka kalla kana cewa ba kome, duk suna shiga ta ƙofofin da ido ba ya gani. Ba ranar da za ka ce yau na lalace. Sai dai ka ga kana jinkirin neman gafara, kana jinkirin jin tsawatarwa, ka ce laifin fasto ne, ko na matarka, ko na zamani.

Da yawa a cikinmu mun bar tsumma mun kama abin ƙyalli. Addu'ar tuba ta kowace rana mun daina, amma tufafin Lahadi suna nan a goge, muryarmu ta fi ta kowa a waƙa. Ba mai iya gane bambancin, sai ranar gwaji. Ran nan za a miƙo maka abin da bai kamata ka karɓa ba, ko ɗanka ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ka yafe masa. Ka san abin da ya kamata sarai, har da ayarsa a bakinka, amma zuciya ta zarce.

Ku kuma lura da wannan, gama shi ne ya fi nauyi. Wanda ya yi sakaci daban, wanda ya fi yin hasara daban. Akwai masu dogara ga juyowarka: 'ya'yanka, matarka ko mijinki, da wanda ya kama hannunka ya kawo ka ga Ubangiji.

Mai ƙirarmu mai jinƙai ne. Ba ya jefar da abin da hannunsa ya yi, ko da an zo masa da zargi. Zai sa ka cikin ɗumi har abin da ka sha ya fito, zai kankare abin da kake taƙama da shi, zai yi zafi, za ka kuwa sake juyowa. Amma akwai ranakun da in sun wuce ba sa dawowa, ko ga wanda aka gafarta wa. Saboda haka kada ka bari sai ka ba wani kunya kafin ka tafi. Ka koma wurinsa yau, tun mutane suna yabonka.