Ɗigon Baƙin da Aka Rufe da Fari

A wani gari an yi wani mutum mai wata sana'a wadda kakanninmu ba su san ta ba. Yana aiki da wani ruwa mai yauƙi kamar ƙaro, garau kamar gilashi, ana ce masa rezin. A kwalba biyu yake zuwa. In an haɗa su an dama, an zuba a mazubin roba, sai ya kwana ya daskare ya yi tauri kamar dutse, amma duk abin da aka sa a cikinsa ana ganinsa sarai. Kafin ya daskare, mutumin yakan ɗiɗɗiga masa tawada kala-kala, wadda aka haɗa da sifirit irin na wanke ciwo a asibiti. Ja da shuɗi da rawaya su bazu a saman ruwan, sa'an nan ya bi su da ɗigon farar tawada. Farar ta fi sauran nauyi, saboda haka duk launin da ta hau kansa sai ta ja shi ƙasa, ya buɗe a cikin ruwan kamar fure. Da haka yake yin farantai da 'yan kunne da ƙananan gicciye na ratayawa a bango.

Ku riƙe abu ɗaya, don a kansa maganar take. Wannan aiki a kife ake yinsa. Abin da mai zubin yake gani a sama, bayan aikin ne. Fuskar aikin tana can ƙasan mazubi, ba mai ganinta sai ranar da aka ɓare robar aka juyo shi.

Mutumin nan gwani ne, ba zan hana shi wannan ba. Amma yana son a faɗa masa cewa shi gwani ne, safe da yamma, in ba a faɗa ba kuma sai ya faɗa da kansa.

A garin kuma akwai wata tsohuwa gwauruwa, sunanta Liyatu. Ɗanta guda ɗaya ne, ya mutu a haɗarin mota lokacin da matarsa take da ciki. Aka haifi yarinya, aka sa mata Dinatu, ta tashi a hannun kakarta ba ta taɓa ganin ubanta ba. Abin da ya rage na kamanninsa a duniya ɗan ƙaramin hoto ne irin na fasfo, wanda Liyatu take naɗewa a tsumma ta ɓoye a cikin kwano. Kullum yarinyar sai ta ce, "Kaka, nuna mini Baba." Ta riƙe hoton, ta shafa shi, ta yi masa hira. Da shafar yatsu da danshin damina, takardar ta yi laushi, gara kuma ta fara cin gefenta. Tsoro ya kama Liyatu kada fuskar ɗanta ta shuɗe tun kafin yarinyar ta girma ta riƙe ta a zuciya.

Sai ta ɗauki hoton ta kai wa mai zubin. Ta ce, "Ɗana, an ce abin da ka sa a cikin ruwan nan naka, ba gara ba danshi. Ka sa mini wannan. Ba ni da wani bayansa."

Ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Kin kawo inda ya dace."

Da ta tafi, matarsa ta ce, "Maigida, bari in ɗauki hoton nan da waya tukuna, ko da wani abu zai faru."

Ya ce, "Wane abu? A hannuna? Ajiye wayar nan."

Ya kifa hoton a ƙasan mazubi, ya dama ruwan, ya zuba. Yana cikin jera furanni a gefe-gefe, sai ga dattawan ikilisiya sun yi sallama. Sun gina sabuwar majami'a, suna neman wanda zai yi musu babban gicciye na gaban bagadi, shi ne suka zo su ga aikinsa da idonsu. Nan take kan mutumin ya kumbura. Hannunsa na aiki, bakinsa na bayani, idonsa kuwa yana kan fuskokin baƙi yana neman yabo. Ya miƙa hannu zai ɗauki kwalbar shuɗi, ya ɗauki ta baƙi, ya matsa. Ɗigon ya faɗi a tsakiya, daidai saitin hoton.

Dattawan ba su san an yi komai ba, a ganinsu duk cikin aikin ne. Shi ya gani, matarsa ma ta gani.

To, abin yana da magani, shi kuma ya san maganin. Baƙar tawada ba ta da nauyi, a sama take tsayawa. Tsinke da 'yar auduga sun isa a tsame ta tas. Tsinken ma yana nan kusa da hannunsa. Amma kafin ya ɗauki tsinke dole ne sai ya ce, "Ku dakata, na yi kuskure," ga shi kuwa yanzun nan ya gama gaya wa dattawa cewa hannunsa ba ya rawa. Sai ya bar tsinken, ya ɗauki kwalbar fari. Ya ɗiga a kan baƙin, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har wurin ya yi fari fat kamar nono.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kai, madalla! Kamar gajimare."

Matarsa ta matso ta yi masa raɗa, "Maigida, farin zai ja shi ƙasa. Kai da kanka ka koya mini."

Ya ce da ƙarfi, yana murmushi, "Je ki kawo wa su Baba ruwa."

Dattawa suka sha ruwa, suka yaba, suka ce shi zai yi gicciyen, suka tafi. Nan ne raina ya fi ɓaci da mutumin nan. Baƙin sun tafi, ba sauran mai kallonsa, ruwan kuma bai kama jikinsa ba tukuna. Da ya sa hannu ya zaro hoton ya goge shi, da fuskar ta tsira, iyakacin hasararsa 'yan furannin da ya jera. Matarsa ta faɗa masa haka. Sai ya leƙa mazubin, ya ga fari tas, ya ce, "Ina baƙin? Nuna mini shi. Ni ban ga komai ba." Ƙaryar da ya yi wa dattawa, shi ma ya sha ta. Ya kifa kwali a kai don kada ƙura ta faɗa, ya tafi harkarsa. Kun ji mai tsoron ƙura, alhali da hannunsa ya zuba baƙi!

Da aikin ya daskare, Liyatu ta zo karɓa. Ta zo da Dinatu, an yi wa yarinyar wanka an sa mata kayanta na Lahadi, domin an ce mata yau za a ba ta Babanta ta riƙe yadda take so, ba mai cewa kada ta taɓa. Mai zubin ya ɓare robar, ya juyo aikin.

Furannin gefe sun yi kyau, gaskiya ce. Amma farin ya yi abin da ya saba yi. Ya ja baƙin har ƙasa, tsohuwar takardar ta shanye shi ya huda ta gaba. Ga wuyan riga, ga gefen kunne ɗaya. Inda fuska take kuwa sai wani tabo launin toka. Kuma abin ya riga ya zama dutse, ba gogewa, ba wankewa, ba ɓarewa.

Yarinyar ta ɗaga shi wajen haske, ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce, "Kaka, ina Baba?"

Kuna tsammani a nan mutumin zai durƙusa? Ina! Ya ce, "Mama, ai takardar ce ta tsufa. Tun da kika kawo ta na ga ba ta da ƙwari." Sa'an nan ya sassauta murya ya ce, "Haka Allah ya nufa, sai haƙuri. Zan yi miki wani, babba, har da gicciye a jiki."

Liyatu ta ce, "Da wace fuska za ka yi shi, ɗana?"

Matarsa ta kasa daurewa, ta fashe da kuka ta ce, "Mama, ba takarda ba ce. Baƙi ne ya ɗiga, aka rufe shi da fari saboda dattawa suna kallo. Na gani da idona."

Tsohuwar ta dubi mai zubin, ta ce, "Da ka aiko mini ka ce ka yi kuskure, da na yafe maka tun ba ka rufe baki ba. Wa ya taɓa aiki bai yi kuskure ba? Amma ka ga fuskar ɗana tana nutsewa, ka zaɓi ka ceci taka." Ta naɗe abin a tsumman da ta kawo hoton a ciki, ta kama hannun jikarta, suka fita.

Mutumin kuwa ya yi wa dattawa gicciyensu. An rataye shi a gaban bagadi, duk wanda ya shiga sai ya yaba.

Yanzu, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi, kuma ba zan lulluɓe muku shi ba.

Ruwan da bai daskare ba, shi ne yau, wannan ɗan lokacin da Ubangiji ya ba mu muna numfashi. Hoton kuwa ɗan'uwanka ne, wanda Allah ya yi cikin kamanninsa, musamman marar ƙarfi wanda ya amince da kai ya sa abinsa a hannunka. Ɗigon baƙin shi ne laifin da ka yi masa. Ba ɗigon ne ya ɓata mini rai ba, domin duk mu nan hannunmu yana rawa. Tsinke da auduga su ne tuba, ka buɗe baki ka ce, "Na yi maka laifi, ka gafarta mini," ka kuma gyara abin da yake gyaruwa. Ƙaramin abu ne, kullum yana kusa da hannu, girman kai ne kaɗai yake sa shi nauyi.

Farar tawadar fa? Ita ce ayyukanmu masu kyau in muka mai da su murfi. Ka ɓata sunan 'yar mutane da bakinka, maimakon ka je gidansu ka janye maganar, sai ka ƙara tsawon addu'arka a taron Laraba. Kin wulakanta yarinyar da aka ba ki riƙo, sai ki ɗaura farin ɗankwali ki tsaya a gaba-gaba cikin zumuntar mata, muryarki ta fi ta kowa. Ka ture iyakar gonar marayu, sai ka sayo wa majami'a sabon benci. Addu'a abu ne mai kyau, waƙa ma haka, kyauta ma haka, yadda farar tawada take fitar da fure in an ɗiga ta a wurinta. Amma in ka ɗora su a kan laifin da ka ƙi furtawa, ba sa share shi. Ƙara masa nauyi suke yi, su kai shi can ƙasa, ya sauka a kan fuskar wanda ka cuta. Mafi muni kuma shi ne ka ɓata da hannunka, sa'an nan ka ce wa mai kuka, "Haka Allah ya nufa." Kada ka ƙara sa sunan Allah a cikin kwalbar farinka.

Ku kuma masu gani ku yi raɗa, kamar matar nan, ina da magana da ku. Gaskiya ta faɗa, amma da ƙaramar murya lokacin da ake iya ceto, da babbar murya bayan abu ya zama dutse. Mu dattawa ma kada mu wanke kanmu. Sau nawa muka tsaya muna cewa madalla a kan farin da muka gani a sama, ba mu tambayi abin da ke ƙarƙashi ba, don mai aikin zai yi mana gicciye?

Ranar ɓare roba tana zuwa. Duk abin da muke nuna wa juna a nan, bayan aikin ne. Ubangiji shi ne zai juyo shi, fuskar kuma zai duba.

Saboda haka kada ka tashi daga nan ka ce wa'azi ya yi daɗi. Ka san wanda ka ɗiga wa baƙi, sunansa ya zo maka tun ina tsakiyar labari. Ka je wurinsa yau, kafin ka ci abincin rana, tun ruwan yana motsi. Domin Dinatu ta girma, abin nan yana ɗakinta har yanzu, kuma in 'ya'yanta suka tambaye ta kamannin kakansu, wuyan riga da gefen kunne take nuna musu.